Injiniya da Duwatsunsa Arba'in

A wani gari da ke gindin duwatsu, inda hanya ba ta miƙewa taku ɗari sai ta hau ko ta gangara, an yi wani mai facin keke. Mai Faci kowa yake ce masa, amma shi ba ya amsawa. Da hannunsa ya rubuta INJINIYA da jan fenti a saman ƙofar shago, kuma duk wanda bai kira shi da haka ba sai ya yi kamar kunnensa ya toshe.

Shagon ma ba nasa ba ne. Ɗakin gaban gidan mahaifiyarsa ne, wadda duk unguwa ke kira Inna. Mijinta marigayi ya yi shekara talatin yana kai wasiƙu ƙauyukan kan dutse a kan wani baƙin keke, rani da damina. Da ya rasu ta rataye keken a ɗakinta, ta miƙa wa ɗanta makullin shago, ta ce masa aro ne.

Baki kam Allah ya ba Injiniya. Hannu ne aka yi masa rowa. In ka kawo masa keke don faci ɗaya, sai ya ciro ƙusa daga keken wani ya ɗaura a naka, ya ciro sirdin naka ya ɗora a na wani, sannan ya tafi bencin Mai Shayi ya ba da labarin yadda ya taɓa tsere da motar haya. Kekuna tara ne rataye a shagon, babu mai ƙafa biyu cikakku.

Ƙanwarsa Auta ita ce mai aiki a gidan. Kowace Laraba da Asabar takan kora jakinta ƙauyukan tudu ta sayo hatsi. Shekara biyu tana roƙon a ba ta ɗakin nan ta kafa injin niƙa, Inna tana cewa a ƙara masa lokaci.

Ran nan da hantsi sai ga baƙi daga birni, su goma sha biyu, a kan wasu kekuna sirara kamar ba su taɓa ƙoshi ba. Kowa da hular kwano, da wando matsattse irin wanda mai hankali ko a ɗakinsa ba zai sa ba sai ya rufe ƙofa. Shugabarsu wata likitar haƙori ce, doguwa, mai ƙarancin magana.

"Sannu da aiki, malam. Ko za mu sami aron famfo?"

"Injiniya," ya gyara mata, yana nuna saman ƙofa.

"To, Injiniya. Mun ji an ce can sama akwai inda ruwa ke zubowa daga kan dutse. Akwai hanyar da keke zai bi?"

"Hanya? Hanyoyi dai, Likita! Uku ne. Akwai ta masu koyo, akwai ta 'yan tsakiya, akwai kuma wadda ni kaɗai nake bi. Ita wannan ko akuya sai ta yi sallama da 'ya'yanta kafin ta kama ta."

Mai Aski, wanda shagonsa ke kallon nasa, ya ɗaga aska daga kan da yake yi wa ƙwal. "Injiniya, yaushe rabonka da wuce gada?"

"Aski aka kawo maka ko shaida?"

"Tambaya na yi."

"Mutumin da mahaifinsa ya yi shekara talatin a kan dutsen nan kake tambaya? Hanya a jinina take."

Aka yi magana aka gama. Asabar ta uku mai zuwa baƙin za su dawo, Injiniya zai sa wa hanya alama da kibiyoyi, ya ja su har wurin ruwan, ya dawo da su kafin rana ta faɗi.

Duk abin nan Inna tana bayan taga tana tsince wake. Baƙi na juya baya ta kira shi.

"Kai, zo nan. Na ji ka sa ubanka a cikin zancenka."

"Inna, talla ce kawai. Ke ba ki san harkar zamani ba."

"Ban sani ba. Amma na san ƙirga. Mutum goma sha biyu ka yi wa alkawari. Ka dawo min da su goma sha biyu ƙofar gidan nan kafin rana ta faɗi, shago ya zama naka, ba aro ba. In ka gaza, makulli ya koma hannun ƙanwarka a gaban kowa. Ka ji ko in ƙara?"

"Inna, ki fara tunanin inda Auta za ta kai injinta. Ni dai shago zan faɗaɗa."

Washegari ya sa aka kwaso masa duwatsu arba'in daga bakin rafi, faffaɗa, masu santsi, kowanne kamar faranti. Ya baje su a ƙasan shago, ya zauna a kan kujera 'yar tsugune yana zana musu jajayen kibiyoyi.

Mai Shayi ya leƙo. "Ni na ɗauka can ake zuwa a shafa fentin a jikin dutsen da ke kafe a ƙasa?"

"Aikin marasa ilimi ke nan. Injiniya a inuwa yake aiki. Rana ta leburori ce."

Auta ma ta tsaya a bakin ƙofa da igiyar jaki a hannu, ta daɗe tana kallon duwatsun. "Yaya, ka san watan gyaran katanga ne?"

"Wace katanga?"

"Ta gonakin tudu."

"Ke hatsi kika sani, Auta. Je ki auna kwanonki."

Da ya saurara da ya ji abin da ko yaro a kan tudu ya sani. Gonakin mutanen can hawa-hawa suke kamar matakala, kuma katangar dutse ce ke riƙe ƙasar kowace gona kada ruwan sama ya wanke ta zuwa kwari. Duk shekara in hadari ya fara haɗuwa, maza da mata sukan bazama neman duwatsu su toshe inda ya rushe. Dutse mai faɗi kuwa tsada gare shi a can, don shi ne ke zama daram. Wanda aka gani yashe a ƙasa, na wanda ya riga sunkuyawa ne.

Saura mako guda, Injiniya ya loda duwatsunsa a tifar wani abokinsa da ke ɗebo tsakuwa daga sama. Ya hakimce a kujerar gaba da littafi a cinya. Duk mararrabar da suka isa sai ya tambayi direba, "Ina ne wajen ruwan?" Direba ya nuna da haɓa, Injiniya ya sauka ya ajiye dutse, ya koma ya zauna. Da ya gaji da sauka sai ya riƙa miƙa hannu ta taga yana sakewa. A littafinsa ya rubuta: hanya lafiya lau, ko kaɗan ba a jin hawa.

A mararraba ta goma wani tsoho mai noman albasa yana tsaye a bakin gonarsa. Ya dubi dutsen da aka ajiye kamar mai kallon amarya.

"Ɗan nan, wannan naka ne?"

"Na hanya ne, Baba."

"Na hanya," tsohon ya maimaita, yana shafa gemu. "To madalla. Ita hanya ai ba ta da gona."

Injiniya ya shiga mota yana dariya. "Ka ji mutanen ƙauye. Fenti ma abin kallo ne a wurinsu."

Ranar Asabar tun da sassafe ya ɗaura wani farin ƙyalle daga shagonsa zuwa na Mai Aski, an rubuta maraba da jarumai. Ya bi gida-gida ya ce kowa ya fito da yamma ya ga dawowarsa. Sannan ya shiga ɗakin Inna ya sauko da baƙin keken mahaifinsa, don a cikin tara na shago babu mai tafiya. Ya goge shi ya yi ƙyalli, ya ɗaura tuta a baya, ya rataya usur a wuya.

Auta tana ɗaura wa jaki buhuna za ta fita. "Yaya, ka duba birkin?"

"Birki na matsorata ne."

Ya manta sarai cewa bara shi da kansa ya lallaɓa ya cire robobin birkin nan ya sa wa keken wani malamin makaranta, da niyyar gobe zai mayar. Kuma mai hawa tudu ba ya neman birki, don haka babu abin da ya tuna masa.

Baƙi suka iso. Injiniya ya hura usur, ya ɗaga hannu kamar mai jan runduna, aka tashi. Dutse na farko yana nan a bakin gada. Na biyu yana nan. Na uku ma yana nan, don duk wajen nan babu gona.

"Kun gani?" ya waiwayo. "Ko makaho sai ya kai kansa."

Daga nan tudu ya fara. Bai yi taku ɗari biyu ba ya ji ƙirjinsa yana kiɗa, cinyoyinsa sun ɗauki wuta. Ya yi ta mamakin yadda dutsen ya ƙara tsawo cikin mako guda. Ya diro ya tsuguna a gefen keke.

"Lafiya, Injiniya?" in ji Likita.

"Sarƙa... nake dubawa. Ƙa'idar... aiki ce."

Wani dattijo a cikin baƙin, furfura har gira, ya wuce shi yana taka feda a hankali kamar mai zuwa gaisuwa. "Sannu, ɗana. In ka gama da sarƙar ka sha ruwa."

Kafin su kai mararraba ta huɗu ya duba sarƙa sau shida. A mararrabar kuwa babu dutse, sai shatinsa a ƙasa. Injiniya ya zagaya, ya leƙa ciyawa, ya daki ƙasa da ƙafa.

"Ba shi ne wancan ba?" in ji dattijon.

Shi ne. Yana tsakiyar katangar wata gonar gyaɗa, an dasa shi tsaf, jar kibiya tana nuna sama, wajen gajimare.

"Sama za mu?" Likita ta tambaya.

"Daidai! Ma'anarsa a ci gaba da hawa. Ni na ce a sa shi nan don a fi ganinsa."

Suka kama hanyar da ta fi tsayi. Ta yi ta ƙanƙancewa har ta zama ta ƙafa, sannan ta shige tsakar gidan mutane ba sallama. Kaji suka watse. Wata mata tana durƙushe tana wanki, tana buga farar riga a kan wani faffaɗan dutse.

Injiniya ya gane shi nan take. "Baiwar Allah, wannan dutsen hanya ne! Wa ya ba ki izini?"

Matar ta miƙe a hankali. "Au, kai ne mai shi?"

"Ni ne Injiniyan da ya..."

"Alhamdu lillahi. Tun jiya nake roƙon Allah ya nuna min kai." Ta ware rigar. Ga jan fenti nan ya bi bayanta daga wuya har ƙugu. "Rigar fitar maigidana ke nan, guda ɗaya tal. Wane marar aikin yi ne zai ɓata dutse mai kyau da fenti ya jefar a hanya?"

"Ke ba ki san darajar..."

Jiƙaƙƙiyar rigar ta sauka a wuyansa, fat! Ta sake ɗagawa. Injiniya ya ja keke ya yi waje, baƙi suka bi shi suna ba da haƙuri ɗaya bayan ɗaya.

"Wannan ma cikin tsarin ne?" in ji dattijon.

"Mutanen nan haka suke wasa da ni. Mun saba."

Suka koma, suka ɗauki ɗaya hanyar. Rana ta take tsaka. A mararraba ta biyar babu dutse. Ta shida an tokare ƙofar garken awaki da shi, kibiya tana nuna cikin garke. Na bakwai wani ya ɗora randa a kai. Injiniya ya daina hura usur, ya daina duba sarƙa, turin keke kawai yake yi a fili yana cewa yana lallashin taya ne.

Can suka karya wata kwana, sai kowa ya tsaya cak. Ga katangar gonar tsoho mai albasa, sabuwa fil, tsayin ƙirji. A jikinta jajayen kibiyoyi goma sha bakwai. Wata gabas, wata yamma, wata ƙasa, biyu suna nuna juna kamar masu shirin dambe.

Likita ta cire tabarau. "Injiniya, wacce za mu bi?"

Ya nuna katangar da hannu. "Wannan ita ce babbar taswira. Duk hanyoyin nan uku da na gaya muku, ga su a haɗe wuri guda. Sai mai ilimi yake karanta ta."

"To karanta mana."

Kafin ya buɗe baki tsohon ya fito daga cikin albasa, hannu biyu a sama. "Ɗan albarka! Kai ne! Allah ya yi maka albarka, ya ba ka masu yi maka. Shekara goma ina fama da katangar nan tana zubewa, bana ko ta mai gari ba ta kai ta ba. In akwai saura ka kawo, amma ba sai ka wahala da fenti ba."

Wasu daga cikin baƙin suka juya baya, kafaɗunsu na rawa.

Likita ta rusuna. "Baba, don Allah ina hanyar wurin da ruwa ke zubowa?"

Tsohon ya ɗaga hannu zai nuna, Injiniya ya shiga tsakani. "Likita, ba a tambayar hanya ina tsaye. Baba, waɗannan duwatsu kayan aiki ne, ba na gini ba. Wannan na ƙasan shi ne na goma, a nan mararrabar na ajiye shi. Bari in mayar da shi mazauninsa, yanzu hanya za ta fito."

"Kai, kada ka taɓa na ƙasa!"

"Baba, injiniya kake wa magana."

Ya sa hannu biyu, ya tokare ƙafa, ya fizgo. Dutsen ya fito. Katanga ta ɗan yi shiru kamar mai tunani, sannan ta zauna gaba ɗaya. Ƙasar gona ta biyo ta, da kunya uku na albasa, suka rufe Injiniya har gwiwa.

Bakin da ya sa albarka ɗazu shi ya koma wani abu dabam. Tsohon ya faro daga Injiniya, ya bi ta kan fentinsa, ya sauka kan tifar da ta kawo shi, sannan ya rarumi fartanya. Injiniya ya zare ƙafafu ya bar takalmi ɗaya a ƙasa, ya hura usur da iyakar ƙarfinsa.

"A bi ni! Ga gajeriyar hanya!"

Gajeriyar hanyar ta masu kiwo ce, ƙaya ta shimfiɗu a kanta kamar tabarma. Tsss, tsss, tsss, ta ko'ina. Da aka tsaya aka ƙirga, taya tara sun kwanta.

"To, Allah ya sa muna tare da mai faci," in ji dattijon.

"Injiniya."

"Ko ma wane ne. Buɗe akwatin."

Injiniya ya kwance akwatin da ke ɗaure a bayan kekensa ya buɗe. Ga gwangwanin fenti, ga buroshi, ga littafin da aka rubuta ba a jin hawa. Babu roba, babu gam, babu famfo.

Baƙi suka leƙa akwatin, suka dube shi. Kallon nan ya fi masa rigar matar ɗazu zafi.

"Ku jira ni nan," ya ce. "Bari in hau wancan tudun in hango hanya. Minti biyu."

Ya tura keke har ƙoli. Daga can ya hango gari a ƙasa, ƙanƙane, har da farin ƙyallensa. Ya san idanun mutum goma sha biyu suna bayansa, don haka ya ga bai dace jagora ya tsaya a ƙasa kamar mai tallar keke ba. Ya ɗare sirdi, ya sa hannu a goshi yana hange. Tayar gaba ta ɗan leƙa gangara. Ya matse birki.

Ƙarfe ya taɓa iska.

Ya sake matsewa da hannu biyu. A lokacin ne ya tuna da malamin makaranta.

Abin da baƙin suka gani shi ne tuta ta yi ƙasa ta ɓace. Abin da mutanen tudu suka ji kuwa usur ne, don yana bakinsa, kuma duk numfashin da ya ja sai ya yi ƙara. Hanyar masu kiwo ta zuba shi a hanyar tifa. Ya wuce garken awaki. Ya wuce gonar gyaɗa. Ya bi ta ƙarƙashin igiyar shanyar wani gida ya fito da zane a ka. Ya wuce tifar abokinsa, direba ya leƙo yana cewa, "Injiniya, ashe da gaske kake tsere da mota!" Tudun da ya ci masa rabin yini, kafin a tafasa shayi ya gama da shi.

A gari kuwa an fara taruwa. An jera benci, Inna tana zaune a kujerarta a ƙofar gida da sanda a gefe. Wani ya hango ƙura a kan gada.

"Ga su nan! Injiniya ne a gaba!"

Aka fara tafi. Mai Shayi ya hau benci. "Kai, ku ga gudu! Ashe mun raina mutumin nan!"

"Ku kauce!" Injiniya yake ihu, amma usur ne ke fita.

Mai Aski ne ya fara ganewa. "Ba ya tsayawa! Jama'a, ba ya tsayawa!"

Taro ya dare biyu. Injiniya ya shiga ƙyallen maraba da wuya, ya tafi da shi da igiyarsa da allon Mai Aski. Keke ya daki tarin yashi a gefen shago ya tsaya. Shi bai tsaya ba. Ya tashi sama, ya sauka da ka a cikin rabin duron ruwan da yake gwada taya, ƙafafu a sama, ɗaya da takalmi ɗaya babu.

Aka zaro shi yana tari. Inna ba ta motsa ba. Ta dube shi, ta dubi hanya, ta ɗaga yatsa.

"Ɗaya," ta ce. "Shi ma ba ya cikin lissafi."

"Suna baya, Inna. Rata na ba su. Ba su iya gudu ba."

"Ka sha ruwan da aka je gani?" in ji Mai Aski. "Ko wannan na duro ne ruwan?"

"Zanen wa ka ɗauko?" in ji Mai Shayi. "Ko kyauta aka ba jagora?"

Inna ta tashi ta je inda keken yake. Tayar gaba ta lanƙwashe kamar kunnen kwano. Ta sa yatsa ta taɓa ƙararrawar, ta yi ƙara sau ɗaya. "Shekara talatin ubanka yana hawa yana sauka, ko waya ɗaya bai taɓa karyawa ba." Ta sa aka shigar da shi ɗaki, ta koma ta zauna tana kallon rana.

Aka yi ta jira. Inuwa ta tsawaita. Injiniya ya ce yanzu suna gada. Can ya ce watakila sun tsaya ɗaukar hoto. Can kuma ya ce shi dama bai yarda da ƙarfin mutanen birni ba.

Rana ta kusa taɓa kan dutse sai aka ji kukan jaki. Ga Auta a gaba da sanda. Ga jaki ɗauke da buhu biyu da kekuna uku a sama. Ga baƙi a jere suna turo sauran, gashinsu a jiƙe, hannayensu duk laka, suna ta dariya. A bayansu ga tsoho mai albasa da dutse a kafaɗa, ga matar nan da rigar mijinta.

Inna ta ƙirga su da sanda, ɗaya bayan ɗaya. Goma sha biyu.

Injiniya ya yi tsalle. "Kin gani, Inna! Goma sha biyu cif, ga rana ba ta faɗi ba! Kowa shaida ne!"

Inna ko kallonsa ba ta yi ba. Ta yafito Likita. "'Yar nan, wa ya dawo da ku?"

"Wannan baiwar Allah, Inna. Ta same mu a cikin ƙaya tana saukowa da hatsi. Ta mayar da mu muka taya Baba tayar da katangarsa, sannan ta kai mu wurin ruwan."

"Da nisa?"

"Bayan gonar Baba ne. Ana ma jin ƙararsa daga inda katangar ta faɗi."

"Na ɗaga hannu zan nuna musu," in ji tsohon, "wannan ya ce ba a tambaya yana tsaye." Ya sauke dutsen a gaban Inna, tim. "Ga shi. Wannan na goma ne, ya ce. Ba na son sa a gonata."

"Ni kuma ga riga," in ji matar. "Injiniya ne, ya san yadda zai fitar da fentinsa."

"Inna, ai hanyar tawa ce suka bi," Injiniya ya ce, murya ta fara sirancewa. "Auta ƙarashe kawai ta yi. A jinina..."

"Lokacin da ubanku yake neman mai riƙe masa jakar wasiƙu a bayan keke, wa yake bin sa?"

Inna ta nuna Auta da sanda.

"Ita. Kai kana cewa rana za ta ɓata maka fata." Inna ta miƙa tafin hannu. "Kawo."

Ya dubi Mai Shayi, Mai Shayi ya dubi butarsa. Ya dubi Mai Aski, Mai Aski yana kakkaɓe allonsa. Ya laluba aljihu ya ciro makullin, yana ɗigar ruwa, ya ajiye a hannunta. Ta miƙa wa Auta a gaban kowa, kamar yadda ta faɗa.

Likita ta yi gyaran murya. "Inna, sai dai muna da taya tara a kwance, ga hanyar gida."

"Faci kam ya iya, in an tsaya a kansa. Kai, Mai Faci! Kwaso kayanka ka kai gindin bishiyar can."

Ya buɗe baki zai gyara mata sunan, ya ga sandar, ya rufe. Inna ta ja kujerarta har gindin bishiya ta zauna a gefensa, ba ta tashi ba sai da taya ta tara ta sha iska. Babu wadda ta sace.

Yanzu in ka bi ta layin za ka ji injin niƙa yana ruri a shagon. Baƙin sukan zo duk wata, sun ma ƙaru, Auta ce ke gaba da jakinta, kuma ba ta taɓa shafa wa komai fenti ba. Shi kuwa yana gindin bishiya da rabin duronsa, duk baƙon da ya tsaya sai ya gaya masa shi ya buɗe hanyar, kuma har yau ba a sami wanda ya sauko daga dutsen nan da sauri kamarsa ba. Wannan na biyun gaskiya ne.

Dutse na goma Inna ta sa an tokare ƙofar shago da shi. Da kanta ta juya shi har jar kibiyar ta kalli gindin bishiya, don mai neman faci ya san inda zai nufa. A cikin duwatsu arba'in, shi kaɗai ne yanzu yake aikin da aka zana shi dominsa, ba ya ɓatar da kowa.